Dokar Abuja ta tsare tashar jirgi, to wa zai tsare dajin?

A watan Oktoban 2025 Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da ƙudurin sabuwar dokar kare dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, bayan Majalisar Wakilai ta amince da shi tun watan Mayu. Ɗan majalisa Terseer Ugbor na jihar Binuwai ne ya gabatar da shi a 2024. An sha wahala kafin a kai nan, domin an gabatar da makamancinsa a majalisar da ta gabata a farkon 2023, wa'adinta ya ƙare bai je ko'ina ba. Ƙudurin ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tarar da za ta iya kai Naira miliyan 12, ya ba masu bincike ikon bin sawun kuɗi da tsare jirgin ruwa ko na sama, ya kuma ba alƙalai damar hanzarta shari'a da ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya. Ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma duk wanda ya ce da sa hannun shugaban ƙasa an gama aiki, to bai san inda giwa da zaki da ungulu suke mutuwa ba. Ba a tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas suke mutuwa ba. A daji suke mutuwa, dajin kuwa, in ka cire gandayen tarayya, a hannun gwamnoni da majalisun jihohi yake, kuma tushen dokar da jihohin Arewa suka gada don tsare shi tun 1963 aka rubuta ta.

Bari mu fara da abin da ya sa tsohuwar dokar tarayya ta zama abin tausayi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, tun 1974. Sai a 1985 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 11 don aiwatar da ita a gida. Dokar ta jera dabbobi rukuni biyu: waɗanda aka haramta farautarsu da cinikinsu gaba ɗaya, da waɗanda sai da lasisi. Wanda ya taɓa na rukunin farko, a karon farko tarar Naira 1,000 ce a kansa. A 1985 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, Naira ta fi dala daraja, tarar ta haura dala dubu. Aka bar adadin a rubuce shekara talatin da ɗaya, har ya zama bai kai dala huɗu ba. A ƙarshen 2016 aka yi wa dokar kwaskwarima aka ɗaga tarar zuwa Naira miliyan 5, wato kimanin dala dubu 16 a farashin gwamnati na lokacin.

Yanzu a duba Naira miliyan 12 ɗin da ake murna da ita. A farashin canji na ƙarshen 2025 ba ta wuce dala dubu 8 da 'yan kai ba. Ke nan sabuwar tarar tun ba a fara aiki da ita ba, rabin ta 2016 ce a aljihun mai fataucin da ke karɓar kuɗinsa da dala daga Vietnam ko Sin. Wannan ciwo ne da ke cin duk dokar da aka rubuta tararta da lamba tsayayya a ƙasar da kuɗinta ke zagwanyewa. Maganinsa a ɗaure tarar da darajar kayan da aka kama, a ce ninki kaza na kuɗinsu a kasuwar da za a kai su, sannan a ba minista ikon sabunta mafi ƙarancin tara ta hanyar sanarwar gwamnati duk bayan shekara biyu ko uku ba sai an koma majalisa ba. Abu na biyu ya ma fi muhimmanci: idan kaya suka haura wani nauyi, a cire zaɓin biyan tara. Muddin hukunci ya ce ɗaurin shekara kaza "ko" tarar kaza, mai kwantena ya riga ya sa wannan "ko" ɗin cikin kuɗin dako. A 2023 wata kotun tarayya a Legas ta samu wasu 'yan Vietnam da laifin fataucin ɓawon ɗankunya, wato dabbar dajin nan mai ɓawo a jiki da ke dunƙulewa in ta tsorata, abin a yaba ne ƙwarai, amma hukuncin ya zo da zaɓin tara. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Girman fataucin shi ne ya tilasta wa majalisa motsi. A 2016, a taron CITES na Johannesburg, aka haramta cinikin dukkan nau'o'in ɗankunya takwas na duniya tsakanin ƙasashe. A Janairun 2019 Hong Kong ta kama tan 8.3 na ɓawonsa da tan 2.1 na hauren giwa a kwantenar da ta taso daga Najeriya. A Afrilun shekarar, cikin mako guda, Singafo ta kama kwantena biyu, ɗaya tan 12.9 ɗaya tan 12.7, duk daga Najeriya za su Vietnam, ta farkon an rubuta a takardarta cewa daskararren naman shanu ne. A Yulin 2021 kwastan suka kama fiye da tan 7 a Legas. Wani bincike na Jami'ar Cambridge ya tattara kamun da ke da alaƙa da Najeriya daga 2010 zuwa 2021 ya samu fiye da tan 190, abin da aka ƙiyasta ya kai ɗankunya kusan dubu 800. Kada wani ɗan Arewa ya ce wannan matsalar 'yan Kudu ce. Yawancin kayan daga dazuzzukan Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Kwango suke shigowa, wani kaso ta iyakokinmu na gabas, a tara su a ɗakunan ajiya kafin a gangara da su teku. A Agustan 2024 an kama fiye da tan 2 a yankin Kano da Kaduna.

Ɗankunya kuwa ba ya cizo, ba shi ma da haƙori. Tururuwa da gara yake ci da dogon harshensa. In ya ji motsi sai ya dunƙule kamar ƙwallo ya ɓoye kansa cikin ɓawon, dabarar da ke gagarar damisa, amma mutum sai dai ya sunkuya ya ɗauke shi ya jefa a buhu. A zuba masa tafasasshen ruwa ko a babbake shi, a ɓamɓare ɓawon a shanya. Ɓawon nan sinadarinsa ɗaya da farcen ɗan Adam, ba wani magani a cikinsa. Uwar kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara. Dabbar da ke haihuwa haka ba za ta iya jure a riƙa auna ta da tan ba.

Kama kaya daban, samun hukunci daban, kuma a tsakaninsu ne shari'o'i ke zubewa. Ana kama buhuna a auna su a gurguje, ba a ɗauki hoton kowane buhu da lambarsa ba, ba a rufe shi da hatimi ba, ba a rubuta wa ya miƙa wa wa ba. Bayan wata takwas lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce a tabbatar masa wannan buhun shi ne aka ɗauko daga ɗakin wanda yake karewa. Sai a rasa amsa. Ko a zo kotu babu ƙwararren da zai rantse ya ce wannan hauren giwa ne ba haƙorin dorina ko ƙashi ba. Aikin da ya dace sananne ne: a auna kowane buhu a gaban wanda ake zargi, a ba shi lamba, a ɗau hoto, a ciri samfur don gwajin ƙwayar halitta, a rufe, shaidu su sa hannu, kuma duk lokacin da kaya suka sauya hannu a rubuta rana da sa'a da suna. Wayar da aka samu a aljihunsa a sa ta a jakar shaida, kada wani ya yi ta latse-latse, domin a cikinta ne sunan mai kayan yake. Wanda aka tarar yana gadin ɗakin ajiya yaron gida ne. Mai kayan yana cikin takardar dakon jirgi, da asusun da aka biya hayar ɗakin da shi, da wakilin da ya cike takardun fita. Najeriya tana da dokar hana halasta kuɗin haram da dokar ƙwato dukiyar laifi, duka na 2022. Amfanin sabon ƙudurin shi ne ya haɗa laifin namun daji da waɗannan makamai a fili. Sai dai ikon da aka rubuta a takarda yana buƙatar mai binciken da ya iya karanta bayanan banki, da ɗakin ajiyar shaida mai makulli biyu, da mai gabatar da ƙarar da ba za a sauya masa wurin aiki a tsakiyar shari'a ba. Ma'aikatar Muhalli ke ba da takardun CITES, NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, ke aiwatarwa, kwastan ke bakin iyaka, 'yan sanda na da nasu iko. In ba a fayyace wa ke riƙe da fayil daga kamu zuwa hukunci ba, kowa zai ce na ɗan'uwansa ne.

Duk wannan zancen tashar jirgi ne, wato bayan dabba ta riga ta mutu. Ihu ne bayan hari. A Oktoban 2023 an ƙona kusan tan 4 na ɓawon ɗankunya a Abuja, a Janairun 2024 an niƙe tan 2.5 na hauren giwa. Saƙo ne mai kyau ga masu fatauci, amma ko giwa ɗaya bai tayar ba.

Tsarin mulkin 1999 ya ba tarayya iko kan ciniki da ƙasashen waje da kuma gandayen daji na ƙasa, su ma sai da yardar jihar da gandun yake cikinta. Sashe na 20 ya ce gwamnati ta kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa kai tsaye. Ƙasa kuwa, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ta ga gwamna. Gandayen tarayya da aka daɗe da sani bakwai ne: Kainji, Gashaka-Gumti, Tafkin Chadi, Kuros Riba, Tsohuwar Oyo, Okomu da Kamuku. A 2020 aka amince da ƙarin goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, Allawa a Neja, fadamar Haɗejiya a Jigawa, Pandam a Filato da Marhai a Nasarawa. Sauran dazuzzuka duk na jihohi ne, har da Yankari, wadda aka kafa a 1956, ta zama gandun tarayya a 1991, aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Yankari mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 ita ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a ƙasar da gwamnati da kanta ta ce giwayenta ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Zakunan da suka rage mana ba su kai hamsin ba, a Yankari da Kainji. Jimina da raƙumin dawa da kyarkeci, yaro a Kano ko Sakkwato sai dai ya ji su a tatsuniya ko ya gan su a keji.

Mafaraucin da aka kama da gwanki a gandun Lame-Burra na jihar Bauchi ko da ɓauna a Yankari, gaban majistare za a kai shi, da dokar jiha. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, da gyare-gyaren da jihohi suka yi mata bayan rabuwa, an rubuta ta ne a zamanin da babu babur a kowane ƙauye, babu fitilar goshi mai batir, babu maganin ƙwari a kowace rumfar kasuwa. A nan nake ganin majalisun jihohinmu ke da aikin da babu mai yi musu.

Abu na farko da sabuwar dokar jiha za ta kama shi ne hanyar kisa, ba jerin sunayen dabbobi kaɗai ba. Tarkon waya ya fi bindiga ɓarna. Igiyar birkin babur ake warwarewa a yi mata zarge, a ɗaure a gindin itace a kan hanyar da namun daji ke bi zuwa ruwa. Mutum ɗaya zai ɗana hamsin a yini. Ba ta zaɓe: wadda aka ɗana don gada za ta kama ƙafar zaki ko hancin ɗan giwa, dabbar na ja tana ƙara nutsewa cikin nama har ƙashi. Da yawa ma mai tarkon ba ya komawa sai naman ya ruɓe. Doka ta ce mallakar irin wannan waya a cikin gandu ko a tazarar da aka ƙayyade daga iyakarsa laifi ne ko ba a same ka da nama ba, domin jami'in gandu ba kasafai yake tarar da mutum a kan gawa ba. Haka farautar dare da fitila, da cinna wa daji wuta don koro nama, da bin dabba da mota ko babur.

Guba kuwa ta cancanci sashe nata na kanta. Ana barbaɗa maganin ƙwari na gona a kan mushe, ko don kura da ta kashe akuya, ko da gangan don ungulu. Ungulu ba ta ci ita kaɗai, in ɗaya ta sauka sauran na biye, sai mushe ɗaya ya kwashe garke. Kawunansu da ƙafafunsu da fuka-fukansu ake kaiwa kasuwar masu magani da tsibbu. Wanda ya haura shekara arba'in ya san lokacin da kwatar kowane gari take baƙi ƙirin da ungulaye, suna zaune a kan katanga suna jiran mahauta su gama. Yau ka zaga kwata goma ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma ƙwai ɗaya take sakawa a shekara. Mutane na ƙyamarta, amma ita ce ma'aikaciyar tsafta da ba a biya, cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Indiya ta ga abin da rashinta ke jawowa: maganin ciwon shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayenta kafin a hana ba dabbobi shi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Dokar jiha ta haramta sa guba a mushe ko a ruwa, ta haramta saye da sayar da sassan ungulu a kasuwa, ta kuma ɗora wa sarkin kasuwa da ƙungiyar masu maganin gargajiya alhakin rumfunansu, tare da wa'adin wata shida na sanarwa kafin a fara kamu. A rubuta jerin dabbobin da Hausa da Fulatanci da Barbarci kusa da sunan Latin. Ba adalci ba ne a hukunta mutum da sunan da majistaren kansa bai iya furtawa ba.

Ba na cikin masu cewa a haramta farauta baki ɗaya. Sana'a ce mai tarihi da sarauta, akwai Sarkin Baka akwai Sarkin Dawa, kuma a wurare da dama mafarauta ne ke tsaye tsakanin ƙauye da 'yan bindiga. Dokar da ta mayar da duk mai baka da kare mai laifi za ta mutu tun ranar da aka sa mata hannu. A raba abin gida biyu. Zomo da gyazbi da gafiya da zabin daji suna hayayyafa da sauri, a bar farautarsu da lasisi mai araha da ake sabuntawa a ƙaramar hukuma, a rufe ta da damina lokacin haihuwa. Giwa da zaki da damisa da dorina da ayu da gauraka da ɗankunya, babu lasisi ko na nawa ne. Farautar gayya ta rani, wadda ake cika motoci da ɗaruruwan mutane da karnuka a share daji ƙaf, ita ce ke buƙatar ƙa'ida mai tsauri: a nemi izini da sunan shugaban tawaga, a ƙayyade wuri da kwanaki, a haramta kusantar gandu, laifin ɗan tawaga ya hau kan lasisin shugaban. Shugabannin mafarauta sun san wa ke ɗana waya, wa ke sayar da fatar damisa. In an sa su cikin kwamitin da ke ba da lasisi, suna da abin da za su yi asara in an karya doka.

Sai maganar da masu rubuta doka ke gudu, saboda kuɗi take ci: diyya. Manomin da ke maƙwabtaka da Yankari, garken giwa ya shiga gonarsa cikin dare ɗaya ya tashi da dawar shekara, ka zo kana gaya masa giwa dukiyar ƙasa ce? Masuncin Yawuri ko Daɗin Kowa da dorina ta kife masa kwalekwale fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ta ce dabba tata ce, ɓarnar dabbar ma tata ce. Doka ta kafa asusu da kaso tsayayye daga kuɗin shiga gandu da tarar da aka karɓa. Manomi ya kai rahoto ga mai unguwa cikin kwana biyu, malamin gona da jami'in gandu da wakilin dagaci su je su auna wurin tun sawu bai goge ba, a ƙiyasta buhu nawa a farashin kasuwar mako, a biya kafin wata uku. In aka wuce haka an ɓata, domin wanda ya jira shekara bai ga komai ba, shi ne zai nuna wa maharbi hanyar da giwa ke bi. Kuma a sa sharaɗin cewa mai neman diyya ya yi nasa ƙoƙarin. Akwai dabarun da aka gwada: curin kashin shanu da dakakken barkono da ake ƙonawa a gefen gona ta inda iska ke kaɗawa, da rumfar gadi mai tsayi da fitila mai ƙarfi, da shingen amya da aka fara gwadawa a Kenya, inda ake rataye amyoyi a jere a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar ƙudan zuma su tashi, ita kuwa tana tsoron harbinsu a hanci da ido. Manomi ya tsira da amfaninsa ya kuma sami zuma.

Yankari ta nuna cewa abin yana yiwuwa. Tun da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin tsaron gandun tare da gwamnatin Bauchi, aka shafe shekaru daga 2015 ba a sami rahoton kashe giwa don haure ba, bayan a da ana rasa su duk shekara. Ba wani siddabaru aka yi ba. An biya jami'ai kuɗin sintiri a kan lokaci, an ba su abinci da takalma, suna kwana a daji kwanaki a jere, na'ura na rubuta inda suka taka da abin da suka gani, an sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam don a gargaɗi ƙauyuka kafin su iso. Abin da ke damuna shi ne mafi yawan irin wannan aiki da kuɗin masu tallafi na waje ake yinsa. Ranar da suka naɗe tabarma fa? Dole dokar jiha ta ba jami'in gandu matsayi a rubuce: ikon kamu da bincike, horo da makami, inshorar rai, da haƙƙin iyalinsa in ya mutu a bakin aiki. Wanda ake turawa da tsohuwar bindiga ya tari masu AK-47 ba shi da ko takardar da za ta ci da marayunsa, kada a yi mamaki in ya kau da kai. Sambisa gandun namun daji ne kafin sunanta ya zama abin firgita. Kamuku da Kuyambana da Rugu sun koma mafakar 'yan bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, kuma tsagewar ta fara ne ranar da malamin daji ya daina kwana a ciki. Kuɗin tsaron gandu kuɗin tsaron ƙauye ne, a haka ya kamata kwamitin kasafi ya lissafa shi.

Mazaunin dabba ma sai an ɗaure shi da doka, don dabbar da ba a harba ba amma aka sare mata daji ta mutu. Yanzu gwamna na iya yanka gandu ya raba gonaki ko ya ba mai haƙar ma'adinai, jama'a su ji labari bayan katafila ta shiga. A rubuta cewa ba a cire ko kadada ɗaya daga gandu sai an buga sanarwa, an yi zaman jin ra'ayin jama'a, an yi nazarin tasirin muhalli kamar yadda dokar 1992 ta tanada, majalisa ta kaɗa ƙuri'a, an kuma ware wani wuri madadinsa. A sake auna iyakoki a kafa turakun siminti, a buga taswira kowa ya gani, domin shari'o'in shiga gandu da yawa kan mutu ne a kan tambaya ɗaya: ina iyakar take? Makiyayi kuma ba don son giwa yake kutsa shanu cikin gandu ba. An nome burtali, an cinye makiyayar da dokar 1965 ta ware. In ba a buɗe masa hanya da mashaya a wajen gandu ba, kamu da tara sai dai su ƙara gaba. Mun ga yadda bishiyar madobiya ta kusa ƙarewa a Taraba da maƙwabtanta cikin 'yan shekaru saboda kasuwar katako ta Sin, har CITES ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018, kuma yawancin takardun izinin sara daga jihohi suka fito. Keɓe daji ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna da hurumi tun kaka da kakanni, kuma a tarihin Musulunci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe filin Rabaza, don maslahar jama'a.

A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin gero da wake suke yawo. Aka tsananta hana kashe su, aka tallafa wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance, 'yan garin suka zama masu rakiyar baƙi. Suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi don kafa sabon garke. Ƙasar noma iri ɗaya ce da tamu, ƙaya ɗaya, manomi ɗaya.

Akwai kuma wurin da ba harsashi ke kashe shi ba, ƙishirwa ce. Fadamar Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona da Baturiya, rayuwarta na rataye da ambaliyar damina. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 aka sauya tafiyar ruwan: babban cikar da ke shimfiɗuwa a fadama ta ragu, ruwa kaɗan-kaɗan na gudana duk shekara, ciyawar kacala ta samu abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa, masunci da manomin shinkafa da makiyayi da tsuntsu duk suka yi asara tare. Sanya wa wurin sunan gandun tarayya ba zai kawo ruwa ba. Abin da zai kawo shi sashe ne a doka da zai wajabta wa hukumar da ke riƙe da madatsun ta saki ruwa mai yawa a watan Agusta da Satumba, ta rage shi da rani don kacala ta bushe a ƙone ta, a buga jadawalin sakin tun kafin damina, Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi da Borno su zauna a kansa tare da wakilan masunta da manoma da makiyaya, a kuma kafa ma'aunin ruwa a Wudil da Haɗejiya da Gashuwa wanda kowa zai iya zuwa ya karanta.